Na Ɗaure Karenmu da Igiyar Rago a Bayan Mota

Assalamu alaikum Malam Edita da dukan masu karanta wannan shafi. Don Allah ku ba ni shawara. Kai kuma Edita ka ɓoye sunana, domin akwai 'yan ajinmu biyu da suke ɗaukar jaridar ubansu su karanta, idan suka gane ni ne to sai dai in bar gari. Ko da yake garin ma barinsa za mu yi, abin da ya sa na rubuto ke nan.

Bari in fara da wautar da na tafka kafin wani ya riga ni faɗa. Na ɗaure kare a bayan mota da igiyar rago, a wuya, kuma na bar igiyar da tsawo wai don tausayi, ya samu ya sake. Ni da nake na ɗaya a lissafi a ajinmu, to na bakwai ne, amma dai ina cikin na gaba, ban iya auna cewa igiyar da ta kai bakin mota za ta kai waje ba.

Shekarata goma sha biyar. Babana kuku ne a gidan wani Bature a nan unguwar Nassarawa ta Kano, ni da shi muke zaune a ɗakunan ma'aikata na bayan gida. Innata da ƙannena suna ƙauyenmu wajen Kazaure, ni kaɗai aka kawo birni saboda makaranta. Wanda bai taɓa zama a Nassarawa ba zai ce na ji daɗi, ga itatuwa, ga famfo, ga shiru. To shirun ne matsalar. Tsakanin gida da gida sai ka ɗauki guzuri, idan ka yi atishawa da hantsi babu mai ce maka yarhamukallahu sai wajen la'asar in mai gadi ya zo. Babu yaro ko ɗaya sa'ana a layinmu. A makaranta kuma suna kirana Baturen kicin, idan an zauna cin abinci sai kowa ya ja kwanonsa wai ina warin kare. Ƙarya suke, sabulun da nake wa karen wanka da shi ya fi wanda suke wanka da shi ranar Sallah.

Sunan karen Manjo, na Baturen ne. Ƙato ne, baƙin baya, jan ciki, kunnuwa a tsaye. In ya miƙe ya ɗora ƙafafunsa a kafaɗata sai ka rantse shi ne zai kai ni makaranta. Haushinsa ɗaya ana ji a Fagge. Amma ƙadangare in ya gyaɗa masa kai sau biyu sai ya dawo bayana ya ɓuya. Tun yana ɗan kwikwiyo ni nake ba shi abinci, ni nake cire masa kaska. Baba ya ware mini wata tsohuwar riga ya ce wannan ita ce rigar kare, in na gama da shi in cire, in wanke hannu sosai kafin in taɓa buta ko tabarmar salla, kuma ban taɓa saɓawa ba. Kullum in na dawo daga makaranta gindin mangwaro muke zama, ina karanta masa darasi da ƙarfi yana hamma. Duk abin da ya same ni a rana shi nake gaya wa, domin Baba in ya fito daga kicin ya gaji, magana uku yake yi ya kwanta.

Bayan an karɓi mulkin kai Maigida, wato Baturen, ya ce zai koma ƙasarsu. Ya ce ba zai tafi da Manjo ba, wai a can sai an kulle kare watanni kafin a bari ya shiga gari, Manjo kuma ba zai jure ba. Ya miƙo mini kwanonsa da abin wuyansa na fata ya ce da Hausarsa ta hanci, “Kai ne baban Manjo yanzu.” Na yi ta dariya a ranar. Wani Alhaji babban ma'aikaci ne zai shiga gidan, ya zo ya duba, mutumin kirki ne, har ya tambaye ni ajina. Amma ya ce yana da kukunsa, kuma iyalinsa ba sa zama da kare. Baba ya samu wani aikin a Jos da takardar da Maigida ya rubuta masa. Ranar Asabar za mu tashi a lorin Malam Sale, mutumin garinmu ne, yana jigilar hatsi da fasinja tsakanin Kano da Jos.

To makon jiya Malam Sale ya zo ya kwashe mana kayan da ba za mu tafi da su ba, gadon ƙarfe da turmi da tabarmi, za a ajiye wajen Baffana a Giginyu. Na ce ga dama ta samu, bari in gwada Manjo a lori tun da tafiyar ba nisa. Shi fa bai taɓa shiga bayan mota ba, a motar Maigida kujerar baya yake hakimcewa, gilashi rabi a buɗe, kamar za a kai shi taron majalisa. Ni kuma duk dabbar da na taɓa gani a lori rago ne ko akuya, su kuma a wuya ake ɗaure su a jikin katako su tsaya shiru har a isa. Haka na yi masa. Sai na ga yana kallona, na ƙara masa igiya kamu uku.

Mun fita Nassarawa lafiya, ina tsaye ina kiɗa a rufin kan direba da hannu biyu, ina jin kamar ni na sayi motar. Manjo ya hau kan kaya yana shan iska. Muna shiga gonaki sai garken zabi ya tashi a gefen hanya. Ban ga tsallensa ba, igiya kawai na ga ta miƙe. Na leƙa, ga Manjo a rataye a jikin mota, ƙafafun baya suna jan ƙasa, idanunsa sun fito. Na kama igiyar ina ja sama, ashe ƙara shaƙe shi nake yi. Na saki na koma dukan rufi ina ihu, Malam Sale kuma ya ɗauka kiɗan ne na ci gaba, har yana taya ni da ham. Sai da wata mata mai tallan nono ta jefar da faifanta ta shiga gaban mota tana salati sannan ya taka birki.

Wannan wurin ba zan yi ƙari ba. Na dira na rungumo shi na ɗaga, harshensa ya yi baƙi, fatar wuyansa ta saɓule, tafin ƙafafunsa na baya duk jini. Da ya dawo hayyacinsa bai cije ni ba, bai ma yi gurnani ba. Hannuna ya lasa. Da ya cije ni da na fi samun sauƙi.

Malam Sale ya yi faɗa tun daga nan har gida. Ya ce shi ya ɗauki rago, ya ɗauki maraƙi, har jaki ya taɓa ɗauka, bai taɓa ganin dabbar da ta nemi rataye kanta ba sai karen Bature. Ya ce, “Kai ɗan kuku, in ka ga wannan abu ya shiga motata ran Asabar, to ƙafa huɗu a ɗaure, a saman buhuna, can ƙarshe inda ba zai taɓa kayan mutane ba. Fasinjana masu salla ne.” Na ce rana za ta kashe shi a can, ya ce to in saya masa laima. Na juya wajen Baba ko zai sa baki, sai ya ce na ji da kunnena, shi ba zai rasa aiki ko ya ɓata da mutumin garinsu saboda kare ba. Ya shige kicin. Can sai ga shi ya fito da ruwan ɗumi da gishiri a tsohon gwangwani, ya ajiye a gabana.

Akwai wani akawu a ofishin likitan dabbobi, mutumin kudancin Zariya, zan kira shi Malam Bitrus amma ba sunansa ba ne. Shi ya sa wa Manjo magani mai launin shuni, yanzu wuyansa kamar an tsoma shi a marina. Ya zaunar da ni ya ce, “Ɗana, kare ba rago ba ne. Rago in ya ga abu kallo yake yi, kare bi yake yi.” Ya ce ba a ɗaure shi a wuya cikin mota sam, a ƙirji ake zagaya masa ɗamara ta bayan ƙafafun gaba, igiya gajera, a ɗaure ta ƙasa a tsakiyar mota yadda ko ya miƙe hancinsa ba zai kai baki ba. Ya ce abin da ya fi shi ne akwatin katako mai tazara don iska, a sa shi a inuwa, kada a cika masa ciki da safe, kuma a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa.

Na gwada. Na samo akwatin ganyen shayi a sito, kansa da ƙafa ɗaya ne suka shiga, sauran karen yana waje yana kaɗa wutsiya. Na yanka tsohon labule na yi masa ɗamara, ya fito kamar mai goyo, ya yi ta tafiya da baya har ya faɗa kwata. Na yi dariya, sai na ga babu wanda zan nuna wa. Abin da ya fi damuna, yanzu da ya ji ƙarar mota sai ya shige ƙarƙashin gadon Baba yana rawar jiki, shi da yake rigan Maigida shiga mota.

Jiya Malam Bitrus ya ce in bar masa shi. Yana da tsakar gida mai katanga, 'ya'yansa huɗu, matarsa ma tana son kare. Ya ce, “Ba ƙwace maka zan yi ba, ajiya ce. Ran da ka samu hanyar kirki ka zo ka ɗauki abinka.” Na yi godiya na fito, ban san lokacin da na wuce kwanar gidanmu ba.

To jama'a ga inda nake. An ce Jos yini guda ce, Malam Sale kuma ba ya tsayawa sai salla. In na yarda da sharaɗinsa, Manjo zai yini a ɗaure a rana da ciwo a wuya, kuma ni na san ba zai kai ba. In na bar shi, zan sauka garin da ban san kowa ba, in shiga wani ɗakin bayan gida, Baba ya yi magana uku ya kwanta. Direbobi da ke karanta wannan, akwai wanda ya taɓa ɗaukar babban kare a lori ya kai shi lafiya? Yaya kuka yi? Kafinta zai iya haɗa irin akwatin nan a kwana uku? Jirgin ƙasa yana karɓar kare, ko shi ma a wuya za su ɗaure? Malamai kuma, in na bar shi wurin wani bayan ni aka damƙa wa, na ci amana? Don Allah kada ku ce mini kare ne kawai, wannan na ji ta a gida. Ku gaya mini abin da zan yi.

Ƙari: Ranar Talata na rubuta wannan, ban samu zuwa gidan waya ba sai yau Litinin, kuma daga Jos nake aikowa. Na kai wa kafinta aikin, amma bai gama akwatin ba. Ranar Juma'a bayan masallaci na ja Manjo a ƙafa har gidan Malam Bitrus, na miƙa kwanonsa, na ce a rufe ƙofa sai na yi nisa. An rufe. Amsarku tana da amfani har yanzu, domin akwai hutun makaranta a gaba, in na samu hanya zan koma in ɗauko shi. Lori ya iso lafiya, ni kaɗai na zauna a saman buhunan.