Ina gasa wa baƙi kifi a bakin teku, abokina yana kwance a ƙasan jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan, kuma maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan tunkara da shi.

Ni mutumin Zariya ne, kuku ne ni a Dubai. Na fara da aikin otel, daga baya na samu shiga wani kamfani da ke ba da hayar jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda masu hali ke ɗauka duk da ma'aikatansa, kyaftin da mai kula da inji da masu gyaran ɗaki da mai girki, su yi sati ɗaya ko biyu suna yawo a teku. Yawancin shekara muna nan bakin Dubai, amma akwai lokacin da ake tura jirgin tsibiran Seychelles, baƙi su biyo mu ta jirgin sama su same mu a can.

Ina da aboki, zan kira shi Bitrus ko da yake ba sunansa ba ne. Ɗan kudancin Kaduna ne, Kirista. Mun haɗu a wani gidan haya a unguwar Al Nahda tun kafin in kawo iyalina, ɗaki ɗaya muke, shi a gadon sama ni a na ƙasa. Mutum ne mai barkwanci, in azumi ya zo shi ke tashina sahur, ya zauna ya cinye rabin abincina, wai shi ma yana neman nasa ladan. Ni na yi masa hanya ya shigo kamfaninmu, aikinsa ɗaure igiya da wanke saman jirgi da tuƙa ƙaramin kwale-kwalen da ke kai baƙi bakin gaɓa. Matarsa na gida Najeriya da yara biyu, Maman Alheri muke kiranta, ita da matata sun saba sosai ta waya.

A ƙarshen 2019 aka tura mu Seychelles da wasu baƙi, miji da mata da 'ya'yansu manya da abokansu. Gaskiya mutanen ba su da matsala, ba sa tsawa, suna gaishe mu. Kuma wallahi duk wanda bai ga wurin nan ba ba zai gane ba ko an kwatanta masa. Ruwa garau kana hango yashin ƙasa, rairayi fari kamar garin alkama, manyan duwatsu a bakin ruwa, itatuwan kwakwa sun sunkuyo. Da safe masunta ke kawo mini kifi yana motsi. Na koyi girkin mutanen wurin, a tsaga jan kifi a cusa masa citta da tafarnuwa da barkono da lemun tsami, a naɗe a ganyen ayaba a ɗora a garwashi. Ina yin miyar madarar kwakwa da jatan lande da ƙaguwa, ina soya wani ɗan itace da suke da shi mai ɗanɗanon doya, ga gwanda da mangwaro da abarba sai wanda ka zaɓa. Bitrus kullum yana bakin kicin ɗina, ya ce, "Malam, ka taimaki bawan Allah da kan kifi." In ba shi, ya zauna a kan matakala yana tsotsa yana kiran Maman Alheri ta bidiyo, yana nuna mata teku yana cewa wata rana sai ya kawo ta ta gani da idonta. Wannan ne karonsa na farko a wurin, murna kamar ƙaramin yaro.

Ranar da abin ya faru, baƙi sun ce a yi musu abincin rana a wani ɗan tsibiri da babu kowa, ranar haihuwar uwargidan ce. Da hantsi ni da Bitrus muka fara jigilar kaya a kwale-kwale, tebura da lema da murhun gashi. Kwale-kwalen ba ya isa har kan yashi, sai an sauka cikin ruwa zuwa gwiwa. Yana ɗauke da murhun a kafaɗa sai na ji ya ƙwalla ƙara, irin ƙarar da ban taɓa jin babban mutum ya yi ba, ya saki murhun ya faɗi cikin ruwa. Ashe wani kifi ya taka, wanda ke kwanciya a ƙasa kamar dutse, yana da ƙaya mai dafi a bayansa. Ƙayar ta huda ɗan takalmin robar da ke ƙafarsa ta shige tafin.

Na ja shi muka koma jirgi. Kyaftin ɗinmu Bature ne, ya daɗe a aikin. Ya duba ƙafar ya ce ya sha ganin irin wannan, a tsoma ta a ruwan zafi a ba shi maganin ciwo, zai lafa. Aka kwantar da shi a ɗakinmu na ma'aikata a can ƙasan jirgi. Kafin in gama haɗa kayan girki ƙafar ta kumbura har ƙauri, ta fara yin baƙi, gumi na keto masa, ya yi amai. Na hau wurin kyaftin na ce ranka ya daɗe mu kai shi asibiti. Ya ce asibitin da ke da maganin dafin yana babban tsibiri, tafiya ce mai nisa, kuma ba zai tashi baƙi daga biki saboda ciwon ƙafa ba, da an gama cin abinci za mu tafi. Na ce to a kira jirgin agaji ko a nemi wani jirgin ya zo ya ɗauke shi. Ya dube ni ya ce, "Kai likita ne ko kuku? Yalla, koma bakin aikinka."

Na koma wurin Bitrus na gaya masa. Yana riƙe da ƙarfen gado yana cije leɓe, ya ce, "Malam, je ka yi musu, kada su kore ka saboda ni. Amma ka yi sauri." Aka bar wata yarinya mai gyaran ɗaki tana canja masa ruwan zafi, ni kuma aka mayar da ni tsibirin.

'Yan uwa, na tsaya a gaban garwashi ina juya kifi, ina hango jirgin a tsaye cikin ruwa, na san wanda ke kwance a ciki. Baƙi na iyo, suna ɗaukar hoto, suna shan ruwan kwakwa, kiɗa na tashi. Uwargidan ta zo har inda nake ta ce ba ta taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba, sannan ta tambaye ni ina yaron nan mai yawan dariya. Kyaftin na tsaye kusa, kafin in buɗe baki ya ce ya ɗan taka wani abu ne, yana hutawa, lafiyarsa lau. Ta ce ayya a gaishe shi, ta koma wurin kek ɗinta. Bayan abinci suka ce za su ƙara yin iyo, aka bar su. Sai wajen la'asar muka ɗaga.

Da na sauka ɗakin na tarar ba ya iya magana sosai, numfashinsa sama-sama, kumburin ya haura cinya. Yarinyar na kuka, ta ce ta hau sama ta yi magana an ce ta ƙara masa ƙwaya. A lokacin ne hankalin kyaftin ya tashi, ya fara kiran waya, ya ƙure gudun jirgi. Na ɗora kan Bitrus a cinyata ina ta kiran sunansa. Ya ɗan buɗe ido ya ce, "Zafi, Malam. Ƙirjina." Ya ambaci sunan Alheri, 'yarsa ta fari. Muna hango fitilun tashar jirgi, rana ba ta gama faɗuwa ba, ya cika a hannuna.

Likitan da ya duba shi ya ce zuciyarsa ce ta tsaya, dafin ya yi mata yawa. Na tambaye shi a gefe, in da an kawo shi da wuri fa? Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma mafi yawan waɗanda ake kawowa da wuri suna tashi. Maganar nan ita ke hana ni sukuni har yau.

Da muka dawo Dubai manaja ya tara mu ma'aikata a ofis. Bai yi wa kowa barazana a fili ba. Cewa ya yi kyaftin ya ba da bayani, abin ya faru da yamma, nan take aka juya jirgi, an yi iya ƙoƙari Allah ya yi ikonsa, kuma yana fata duk wanda aka tambaya bakinmu zai zama ɗaya, don kamfani na kula da masu kula da shi. Ya dube ni musamman ya tambayi jikin 'yata. 'Yata Husna tana da sikila, da inshorar kamfanin nan ake duba ta, kuma bizarta da ta mahaifiyarta duk a kan aikina suke. Tun da na kawo su nan unguwar Abu Hail a Dubai ciwon ya yi sauƙi, a gida kuwa mun taɓa fidda rai da ita. Na gane abin da yake nufi, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, kowa ya koma aiki. Yarinyar nan mai gyaran ɗaki ba ta ƙara wata biyu ba ta koma ƙasarsu, lambarta ma ba ta shiga. Sauran kuwa kowa ya kama bakinsa.

Kamfani ya kai gawar gida, ya yi wa iyalin abin da ya yi, suka yi ta godiya. Maman Alheri ta kira ni bayan an binne shi, ta ce, "Baban Husna, an ce a hannunka ya tafi. Ya sha wahala?" Sai kuka ya ƙwace mini, ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri. Ta ce abin da ke sanyaya mata rai shi ne an gaya mata bai daɗe yana jin jiki ba, kuma an yi masa gata har ƙarshe. Da wannan take rarrashin yaran.

To sai ga yayan Bitrus, Yaya Ishaya, wanda shi ya karɓi gawar ya ga yadda ƙafar take. Yana da sani a harkar lafiya, ya ce kumburi irin wannan ba na ɗan lokaci ba ne. Ya kira ni ya ce shi ba ya zargina, amma ni kaɗai ne Bahaushen da ke wurin, ni ne ɗan uwansu a jirgin nan, in gaya masa tsakanina da Allah yaushe abin ya faru, yaushe aka tashi. Ya ce akwai lauyan da ya yarda ya bi maganar in an samu shaida ɗaya. Na ce masa ina wurin aiki zan kira shi. Korona ta shigo aka rufe ko'ina, na fake da ita, yana turo saƙo ina amsa gaisuwa kawai.

Mun yi rigima da matata sosai a kan wannan. Ita ta ce in yi shiru, maganata ba za ta dawo da Bitrus ba, sai dai ta jefa Husna cikin hatsari, kuma in tayar wa Maman Alheri da mikin da ya fara warkewa. Ta ce in har na yi magana aka kore ni wani abu ya samu yarinyar, ba za ta taɓa yafe mini ba. Ban ga laifinta ba, ita ta san zaman asibitin da ta yi. Ni kuma na ce mata kyaftin ɗin nan yana nan yana tuƙa jirgi, akwai wasu yaran a ƙarƙashinsa, gobe wani ne zai kwanta a ɗakin nan. Na tambayi wani malami a nan ba tare da na faɗi sunaye ba, ya ce ɓoye shaida babban abu ne, amma kuma ba a ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Na fito daga wurinsa yadda na shiga. Na nemi aiki a wasu wuraren don in samu madafa kafin in yi magana, amma tun bayan korona ko'ina ragewa ake yi, wanda ya kira ni kuma inshorarsa ba ta ɗaukar mai sikila.

Har yanzu ina jirgin nan, ina gaishe da kyaftin kowace safiya, ina kai masa shayinsa. Na rame, matata ta ce ina firgita cikin barci.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, an ba ni hutu wata mai zuwa zan je gida. Jakar Bitrus tana wurina, da kayansa da tsarabar da ya saya wa yara bai kai ba. Maman Alheri ta ce kada in ba kowa, ni take so in kawo da kaina, in zauna in ba ta labarin ranarsa ta ƙarshe tun daga safe, don Alheri ta fara tambaya kuma tana so ta ji daga bakina. Yaya Ishaya ya ce shi ma zai zo ya zauna.

Don Allah 'yan uwa me zan yi? In faɗi gaskiya gaba ɗaya, in ɗauki duk abin da zai biyo baya a kan 'yata? In gaya wa Yaya Ishaya shi kaɗai in roƙe shi ya rufa mini asiri, alhali na san ba zai iya zama da maganar ba? Ko in maimaita abin da kamfani ya faɗa, in bar baiwar Allah da ɗan sanyin da take da shi? Masu ilimin addini da waɗanda suka san dokar aiki a ƙasar nan, don Allah ku yi mini magana, kada ku zage ni, na riga na zagi kaina. Alheri za ta zauna a gabana ta ce, "Kawu, yaya Babana ya rasu?" Ku gaya mini abin da zan ce mata.