Hoton Baba yana cikin kati, ya ƙi buɗewa

Salama gare ki, Anti mai wannan fili. Don Allah ki taimaka min da shawara, ki kuma yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Wata safiya na fito daga ɗakina na tarar da Baba zaune a bakin ƙofarsa kan kujerar roba, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗayar a ƙasa, kamar ya manta abin da ya fara. Rana ta sauka a kafaɗarsa da rabin fuskarsa. Ciwo ya riga ya rage shi, wuyan rigar ya yi masa yawa. Ni kuma ina rataye da sabuwar kyamarar shagon hoton da nake aiki, don Maigida, mai shagon, ya ba ni ita in je gida in koyi maɓallanta.

Baba gyaran agogo yake yi, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya tsaya an ɗauke shi hoto ba. Da ya hango kyamara sai ya ɗaga hannu ya kare fuska. Hotunansa da muke da su duk na tafin hannu ne. Har tsokanata yake yi, wai na rasa sana'a sai ta sa mutane murmushin dole. Amma ran nan ya dube ni, ya dubi kyamarar, ya ce in zan ɗauka in ɗauka kafin ya sake shawara. Ya sa ɗaya takalmin, ya gyara zaman hularsa. Na ɗauka sau da yawa. Na nuna masa a ɗan gilashin bayan kyamara, ya ce maƙaryaciya ce, kunnensa bai kai haka ba. Ba a daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa.

Ga inda matsalar take. A shagonmu dokar Maigida ce, ba a ɗaukar hoto sai ɗanye, wato yadda kyamara ta gan shi, ba ta taɓa komai ba. Irinsa waya ba ta buɗewa, sai manhajar gyaran hoto. Hannuna ya saba, ina karɓar kyamarar na saita ta a haka ban ko yi tunani ba. Da na sa katin ajiyar hotunan kyamarar a kwamfutar shago, manhajar ta ce ba ta san wannan irin fayil ba. Akwatuna ne masu launin toka a jere, kowanne da lamba a ƙarƙashinsa. Ashe kyamarar ta fi manhajar sabunta. Maigida ya gwada sabunta manhajar, kwamfutar ta ce ta tsufa ba za ta ɗauka ba. Ransa ya ɓaci, ina asibiti da Baba ya mayar wa mai sayarwa kyamarar, ya karɓo tsohon samfuri. Katin dai yana aljihuna.

Yanzu Maigida yana tambayar katinsa, kuma al'adarsa duk katin da ya shiga hannunsa sai ya share shi tas kafin ya fara aiki. Ba mugu ba ne, ya zo gaisuwa ya daɗe zaune. Cewa kawai yake kati ba na ajiya a aljihu ba ne. Yayana kuma ya ce babu wani hoto, Baban da ya sani ba zai zauna ba, ko dai mafarki na yi ko na lalata ina jin kunyar faɗa. Umma kuwa ta sa an buga ƙusa a bango, saman akwatin kayan aikin Baba. Kullum da safe sai na ga ƙusar nan.

Ni kuwa Anti, ba na jin komai. Ranar jana'iza mutane na kuka, ni ina kallon takalman da aka tube a ƙofa, ina lura da wanda ya taka na wani. Ina zuwa shago, in ce wa mutane su ɗaga haɓa, in yanka musu hoton fasfo, in dawo gida. In babu kowa sai in sa katin, in kalli akwatunan, in cire. An ce min akwai wani babban shago mai sabuwar kwamfuta. Na je har ƙofa, na ga masu aikin suna dariya da wani abokin ciniki, na juyo. Ban san dalili ba. Abin da na sani shi ne, ɗan gilashin kyamara yana yaudara. Na sha ganin hoto fes a jikinsa, a kwamfuta ya fito dishi-dishi. Kuma safiyar nan hannuna bai tsaya sosai ba.

Hoton ya lalace ne? In jira ranar da Maigida zai sake kwamfuta? Jira ba ya min wuya. Ko in mayar masa da katinsa kowa ya huta?

Kuma ba ni kaɗai na ga Baba ya zauna an ɗauke shi ba. Gwaggo tana tsakar gida tana shanya, ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Telan layinmu ma ya shigo karɓar agogonsa, har ya ce yau za a yi ruwa da ƙanƙara.

Mai Jira

Amsa

Ɗana Mai Jira, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Da farko, kwantar da hankalinka. Manhaja ta ce ba ta san fayil ba, wannan ba ya nufin fayil ya lalace. Kowane sabon samfurin kyamara yana rubuta ɗanyen hotonsa da salonsa, sai masu manhaja sun koya mata shi. Taku ta tsaya a baya, shi ke nan.

Kafin komai, yau ɗin nan, ka duba gefen katin. In yana da ɗan makulli, ka ja shi don kada a share komai. Sannan ka kwafe fayilolin yadda suke zuwa wuri biyu daban. Kwamfuta ba ta buƙatar gane su kafin ta kwafa. Ka duba girmansu ya yi daidai da na kan katin. Kada ka bar kowa ya sa shi a wata kyamara da sunan gwaji.

Buɗewar kuma ba sai Maigida ya sake kwamfuta ba. Yawancin kamfanonin kyamara suna da manhajarsu ta kyauta mai buɗe ɗanyen hotonsu. Akwai kuma masu juya shi zuwa salon da tsohuwar manhaja ke ganewa. In kwamfutarku ta ƙi waɗannan, babban shagon nan zai yi maka cikin ɗan lokaci. Mai sayarwar da aka mayar wa kyamarar ma, in irinta na wurinsa, ka roƙe shi ya buɗe maka bayan ka kwafe.

Maigida yana da gaskiya, katinsa ne. Ka gaya masa ƙarara abin da ke ciki, ina zargin ba ka taɓa faɗa masa ba. In ka ga hoton da idonka sai ka mayar masa, ko ka saya masa wani ka riƙe wannan. Yayanka kuma kada ka kai masa Gwaggo da tela shaida. Shi bai samu safiyar da ka samu ba, abin da ke cin sa ke nan. Hoton zai yi masa magana.

Saura kai. Ba manhaja ce ta juyo da kai daga ƙofar shagon nan ba. Muddin akwatunan suna rufe, hoton yana da kyau, Baba kuma yana zaune a kujerarsa. Jiranka ya zama maɓoya. Ba zan ruɗe ka ba: ɗanyen hoto yana karɓar gyaran duhu da haske sosai, amma in hannu ya girgiza, gyaran kaɗan ne. Sai dai ka ɗauka da yawa, da wuya a ce duk sun ɓaci. Ko ma ya fito dishi-dishi, Umma ba ingancin hoto ta buga wa ƙusa ba. Fuskar da ta sani take nema, za ta gane ta.

Rashin jin komai ma wani irin makoki ne, kada ka tuhumi kanka. In ya daɗe har ya hana ka ci ko barci, ka ga likita. Ranar da za ka buɗe, kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da Yayanka, ka bar shi ya zaɓi wanda za a wanke.

Allah ya sa ya fito fes, har da kunnen.

Anti