Jirgin Gambo Ne Ya Kife, Amma Ba Gambo Ke Tuƙa Shi Ba

Zuwa ga Babban Manajan gidan rediyon da muke kamawa a Nguru da Gashuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, ina gaida ma'aikatanka, da fatan damina ta same ku lafiya. Wannan gaisuwa hakkinka ce na Musulunci, na kuma sauke ta. Abin da ke biye da ita ba mai daɗi ba ne, kuma ba zan sa masa sukari ba.

Sunana Yagana Gambo. A Katuzu ta Gashuwa aka haife ni, aure ne ya kawo ni Nguru, inda nake sayar da bandar kifi a kasuwa. Mahaifina shi ne Malam Gambo Mai Fito, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsallakar da manoma zuwa gonakin fadama idan ruwa ya cika. Da gangan na ƙi rubuta sunan gidan rediyonku a wannan wasiƙa. Kun san kanku, masu sauraro ma sun san ku. Ni dai ba a koya mini jefa sunan mutane cikin kasuwa da ganganci ba, ko da yake ku abin bai dame ku ba.

Kuna da wani ɗan shiri da safe, bayan labarai, inda wani saurayi mai zaƙin murya yake karanto abubuwan tarihi da suka faɗo a rana irin ta ranar. A da ina son shirin ƙwarai, ina jera kifi ina saurare. Ranar ashirin da bakwai ga Agusta kuwa kukan cika ta maƙil. Kukan ce a ranar ne wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Indunusiya har aka ji ƙararsa a ƙasashe masu nisa. A ranar ne Turawan Ingila suka yaƙi Zanzibar, yaƙin da bai kai awa guda ba. A ranar ne a 1985 soja suka hamɓarar da gwamnatin 'yan'uwansu soja a ƙasar nan, a ranar ne kuma a 1991 aka ba mu Jihar Yobe. Duk wannan ba ni da ja a kai. Amma tun bara waccan kuka ƙara wani abu a ƙarshen jerin, kuka kira shi «na nan gida». Saurayin naku ya ce: «A ranar da aka ba da jiha, wani mai fito da ake kira Gambo ya kifar da jirginsa a Gashuwa, bayan ya maƙare shi da masu murna don kwaɗayi, har aka rasa rayuka.»

Wato kun ɗauki ubana, tsoho mai gemu fari fat, kun jera shi da dutse mai aman wuta da masu juyin mulki. Ƙarya ce kuka yi masa, ga kuma bayanina.

Na ɗaya. A mashigarmu, jirgin ruwa ba ya canza suna. Wanda ya fara saka shi a ruwa, ya yi sadakar fura da gumba a bakin gaɓa, sunansa jirgin zai ci gaba da ɗauka har ya ruɓe, ko an sayar da shi sau nawa. Yau ɗin nan akwai wani kwalekwale da ake ce wa Jirgin Dauda, alhali Dauda ya rasu tun ban san kaina ba, jirgin kuma yana hannun wani da ko dangin Dauda bai haɗa da su ba. Duk matar da ta taɓa ɗaukar ƙwarya ta tsallaka fadama ta san wannan. Mahaifina ya sayar da jirginsa tun ranin shekarar, ya sayi injin ban ruwa, domin kafaɗarsa ta fara gajiya da turin gora. Saboda haka idan dattijon Katuzu ya ce muku jirgin Gambo ne ya kife, gaskiya ya faɗa. Ku ne ba ku tambaye shi wa ke riƙe da gorar ba. Tambaya ɗaya tak ta gagare ku, ku da kuke koya wa duniya tarihin Zanzibar.

Wanda ke tuƙin ranar ya riga mu gidan gaskiya, yana kuma da 'ya'ya da jikoki a garin. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma ku aiko a tambaye ni. Ban rubuto don in cire wuƙa daga wuyan ubana in ɗora a wuyan uban wasu ba.

Na biyu. Babu wasu masu murna a cikin jirgin nan. Ina wurin, ina yarinya, na kai wa Baba kunu yana gyaran raga a gindin giyayya. Da hantsi ne, labarin jiha ma bai iso mana ba sai daga baya. Mutanen da ke ciki manoma ne za su cirar ciyawa a gonakin shinkafa, da fartanyu da ƙullin abincinsu. Ruwan shekarar ya zo da ƙarfi, ya binne wani kututture a tsakiyar mashiga. Jirgin ya hau kansa, ya karkata, ya juye. Kafin ihun matan da ke gaɓa ya gama tashi, Baba ya riga ya faɗa ruwa da rigarsa. Na ga ya fito da mutum ya ajiye, ya koma, ya sake fitowa da wani, har sai da aka riƙe shi da ƙarfi yana aman ruwa. Mutum biyu ne Allah ya yi wa cikawa: wani magidanci baƙo daga wajen Jakusko, da Ya Kaltume maƙwabciyarmu. Gawar Ya Kaltume ma Baba ne ya lalubo ta a cikin ciyawar ruwa, ya rufa mata rawaninsa kafin a ɗauke ta. A nutson ranar kunnensa na hagu ya mutu, bai sake ji da shi ba har yau. Wannan ne mutumin da kuka kira mai kwaɗayi.

Na uku. Ƙaryar taku ƙiba take yi kowace damina. Bara waccan kun ce an rasa rayuka. Bara kuka ce mutane da dama. Bana kuwa saurayin naku, har da sassauta murya irin ta mai ta'aziyya, ya ce gomman mutane. In aka bar ku, baɗi sai kun nutsar da Gashuwa gaba ɗayanta, har da kasuwar da tashar mota. Ina tambayarka, yallaɓai, su wa kuka binne? A wace maƙabarta? Ko kuna ƙara gawarwakin ne don labarin gida kada ya ji kunya a gaban dutsen Indunusiya?

Na huɗu. Ban fara da kai wannan wasiƙa jarida ba, sai da na bi ta ƙofa. Bara, bayan shirin, na rufe kifina na bar wa maƙwabciya, na zo gidanku. Na yini a benci a bakin ƙofa kamar mai neman aiki. Da la'asar aka fito mini da mai karanta shirin. Yaro ne da a shekaru na haife shi, amma ko gaisuwar kirki bai yi mini ba, yana magana yana latsa waya. Da na gama bayani sai ya ce: «Hajiya, ai tarihi ne, ba mu muka yi shi ba, kuma ba a gyara tarihi.» Na ce to a haɗa ni da manaja, aka ce kana taro. Na dawo bayan sallar layya, wannan karon tare da Ba Modu, ɗan marigayiya Ya Kaltume, mutumin da uwarsa ce ta mutu a ruwan. Da bakinsa ya ce wa mataimakinka: «Ni aka yi wa rashi, kuma ni nake gaya muku Malam Gambo ba shi da hannu. Da ba don shi ba, ko gawar uwata ba za mu samu ba.» Mataimakin naka ya gyaɗa kai, ya ce in sha Allahu za a duba, ya raka mu har bakin titi da fara'a. Muka dawo muna sa masa albarka kamar wawaye. Da Agustan bana ta zo, abin da aka duba shi ne aka mayar da mamatan gommai.

Idan ba a gaya maka mun zo ba, to ba ka san abin da ke faruwa a gidan da kake shugabanta ba. Idan kuma an gaya maka, to ka raina mu ne, don ka ga 'yar mai fito ce da warin kifi a zanenta. Ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi a cikin biyun, ni babu wanda ya yi mini daɗi.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni barci har na nemi a buga wannan wasiƙa. Zan iya jure a nuna ni da baki a kasuwa. Zan iya jure ɗana ya dawo daga makaranta da yagaggiyar riga don an kira shi jikan mai kifar da jirgi. Dattawan da suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa, matasa kuma rediyo suka sani, wannan ma na haɗiye. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne abin da kuka yi wa Baba shi kansa.

Tsufa ya kama shi, tunaninsa ya fara zuwa yana komawa. Wata rana ya gane ni, wata rana ya kira ni da sunan mahaifiyata da ta rasu. Abu ɗaya ne bai saki ba, ɗan rediyonsa. Yana manna shi a kunnen da ya rage masa daga asuba har ya yi barci, kuma duk abin da ya fito daga cikinsa, a wajensa yankakke ne. Mutanen zamaninsu haka suke, sun taso sun ga rediyo ba ya wasa. A karo na farko da ya ji labarin dariya ya yi, ya ce yara ne ba su sani ba. A karo na biyu ya ƙi cin tuwo. Bana na yi niyyar in je Gashuwa tun ana gobe in ɓoye rediyon, sai ruwa ya tsare hanya, ban isa ba sai da rana ta take. Na same shi zaune a zaure, rediyon a cinyarsa, hawaye na bin gemunsa. Ya riƙo hannuna ya ce: «Yagana, ashe ni ne na kashe Kaltume? Me ya sa kuka ɓoye mini?»

Na rantse masa da Allah. Na kira ƙannena suka rantse masa. Ba Modu ya zo ya durƙusa a gabansa ya ce: «Baba, kai ne ka rufa wa uwata asiri.» Sai Baba ya girgiza kai ya ce mu 'ya'yansa ne, tausayinsa muke ji, amma ai rediyo ya faɗa. Tun daga ranar, bayan kowace salla yana ɗaga hannu yana neman gafarar rayukan da bai ɗauka ba. Yana tambayar ko za a iya yi masa azumin kaffara, tunda shi ba ya iyawa. Mutumin da ya yi abin alheri mafi girma a rayuwarsa a wannan rana, kun ƙwace masa ita, kun mayar masa da ita zunubi. Wallahi na tsane ku a kan wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ga abin da nake nema, ba kuma roƙo nake yi ba.

Ku cire sunan mahaifina daga jerinku na ashirin da bakwai ga Agusta. In kuna son ambaton haɗarin, ku ambace shi yadda ya faru: mutum biyu, manoma, kututture a ƙarƙashin ruwa, ku kuma yi musu addu'a.

Ku tura ma'aikacinku Katuzu ya zauna da Ba Modu da sauran dattawan da suka rage, ya ajiye wayarsa a aljihu, ya saurara.

Sannan, wanda ya fi kowanne, ku faɗi gaskiya a rediyo, a cikin shirin nan na safe, da muryar saurayin nan da ya faɗi ƙaryar, domin muryarsa Baba ya sani. Ba na son takardar ban haƙuri, ba ya karatun boko. Ba na son ku zo gida da goro da ɗaukar hoto, zai ɗauka mu muka roƙe ku. Ku ce Malam Gambo Mai Fito ba shi ke tuƙa jirgin ba, shi ne ya faɗa ruwa ya ceci mutane. Ku maimaita har kwana uku ko huɗu, don ba kullum hankalinsa ke tare da shi ba. Kada kuma ku ce mini sai Agusta mai zuwa, wai a ranar ce ya dace a gyara. Ku kuna da Agusta da yawa a gabanku. Shi ban san ko yana da saura ba.

Ina roƙon Allah ya shirye ka, ya tsare harshen ma'aikatanka, ya ba iyayenka tsufa mai kyau in suna raye, ya jiƙansu in sun rasu. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka rantse wa mahaifinka cewa shi mutumin kirki ne, ya dube ka ya ƙi yarda. Idan kuwa ubana ya koma ga Allah yana ɗauke da wannan ƙarya a zuciyarsa, ban yafe ba, kuma akwai ranar da ni da kai za mu tsaya a gaban wanda ba a ce masa manaja yana taro.

Wassalam.

Yagana Gambo,
'yar Malam Gambo Mai Fito,
daga Nguru.