A-kori-kurar da Aka Ce ta Likita Ce

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya zaman Legas, yaya kuma ciwon ƙafar nan? Mu nan Gozaki lafiya lau, an gama cirar auduga.

Maganar motar ɗaukar kaya ce. Na je Funtuwa na tarar sabuwar a-kori-kura ta yi tsadar da sai na haɗa da shanun huɗa kafin in iya saye. Sai wani dillali, Alhaji Bala, ya nuna mini ta hannu, fenti sai ƙyalli. Ya ce, "Ta wani likita ce, daga gida sai asibiti."

Da na ɗaga kujera, sai ga ƙwayar masara da kashin awaki. Na ce, "Alhaji, likitan dabbobi ne?" Ya yi dariya, ya canja magana.

Na ɗauko Malam Yohanna, makaniken nan na Malumfashi. Ko ƙarƙashinta bai leƙa ba, ya ce in saya ido rufe. Ran kasuwar Bakori kuwa na hango shi da dillalin a rumfar mai tsire, kai a haɗe. Da suka gan ni, sai hira ta mutu.

Jiya Alhaji Bala ya aiko wai an yi mini ragi, alhali ban nema ba. Nan na fasa. Shanuna ma ba zan taɓa su ba, bana a motar haya zan kai masara kasuwa.

Ka sa ni a addu'a, Allah ya haɗa ni da ta alheri. Ka gaida Kawu Idi. Inna tana gaishe ku.

Ƙanenka,
Isiyaku