Abin da Auta Ya Koyo a Waje

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya kuma ƙafar nan da ke damunka? Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, don idan na kira ihu zan yi maka a kunne.

Ka san an sa wa Baba ranar tiyata, Alhamis mai zuwa. Ka kuma san abin da hoto ya nuna a hanjinsa, da shawarar da muka yanke ni da kai cewa ba za a ambata masa ciwon daji ba. Na ce masa ɗan tsiro ne za a cire, ya ce to. Sai da takalmina ya kusa cinyewa a ƙofar malamina, babban likitan tiyata, kafin ya sama mana wannan rana.

To ga ƙaninka Auta ya sauka, sabon likita fil daga ƙasar waje, yana ƙamshin turare. Ko jakarsa bai ajiye ba ya karɓi fayil ɗin Baba ya karanta, sannan ya ja ni baranda ya tambaye ni wai ko Baba ya san abin da ya yarda a yi masa. Ni yake tambaya! Ni da na yi masa wanka yana tsala ihu!

Yaya, kai ka dage a kai yaron nan waje, wai karatunmu na gida hayaniya ce. Bari ka ji abin da ya koyo. Da bakinsa ya ba ni labari, mutum-mutumin roba suke dannawa, irin wanda har numfashi yake yi. Ana ɗauko musu 'yan wasan kwaikwayo su kwanta su yi ciwon ƙarya. Zango guda cur suka yi suna koyon yadda ake jawo kujera a zauna a faɗa wa mutum mugun labari, har da jarrabawa. Mu kuwa tun muna aji huɗu muke cikin majinyata na gaske, gado ya ƙare a shimfiɗa katifa a ƙasa. Kafin in gama na karɓi haihuwar da ban san iyakarta ba. Shi sau biyu ya gani, daga bayan kafaɗar wata.

Da na faɗa masa haka, sai ya ce ai ya zaga ɗakunan asibitinmu da safe, ya ga ɗalibai sun yi wa gado ɗaya rumfa suna turanci a kan tsoho, babu wanda ya gaishe shi, da lambar gado ake kiransa. Wai an koya mana hanji, ba a koya mana mai hanjin ba. Ka ji rashin kunya. Na ce masa ya kama bakinsa har Alhamis ta wuce.

Ka ja masa kunne, kai yake jin maganarka. A gaida Anti.

Ƙanwarka,
Likitar gida

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ya mutanen gida?

Ya faɗa masa. Jiya ina can wajen duba marasa lafiya, Baba ya kalli Auta ya ce tunda shi ma likita ne, ya gaya masa gaskiya, me ya sa ɗan tsiro zai sa a tanadi jini har leda-leda. Ƙanin naka kuwa ya jawo kujera kamar yadda aka koya masa, ya zauna, ya zazzage komai. Sunan ciwon, inda ya kai, da cewa mai yiwuwa ya farka da jaka manne a ciki wadda bayan gida zai riƙa zuba a ciki har ƙarshen rayuwarsa. Har ya ƙara da cewa aikin ba warkewa ba ne, ƙarin lokaci ne. Wallahi ko abokin gaba ba zai yi masa wannan dalla-dalla ba.

Na shigo na tarar Baba ya juya wa ƙofa baya, abincinsa a rufe. Na yi sallama, ya amsa can ƙasa, bai juyo ba. Yau da malamina ya zo zagayen duba marasa lafiya, Baba ya yi masa godiya ya ce ya fasa. Ya ce shi da ya kwashe rayuwarsa a kan keken ɗinki yana suturta mutane, ba zai ƙare yana warin da jikokinsa za su riƙa kauce masa ba. Malamina ya kalle ni a gaban ɗalibai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na sami Auta a bakin matakala na wanke shi tas. Na ce shekara ɗaya ko biyu da aikin nan zai ba mu ya ɗauka ya zubar, don kawai ya gwada darasinsa. Idonsa ya yi ja, amma bai janye ba. Wai a can likitan da ya yanka mutum bai sanar da shi ba, korarsa ake yi daga aiki. Wai cikin na Baba ne, ba nawa ba. Na ce a can ɗin ubansa ne a kwance? Wanda ya koya musu wannan ya taɓa ganin tsoho ya daina cin abinci saboda kalma ɗaya? Ni na gani, ba sau ɗaya ba, kuma ba ɗan wasa ba ne da zai tashi ya karkaɗe riga ya tafi gida.

Malamina ya ce zai riƙe mana wurin zuwa gobe da rana. Don Allah ka kira Baba. Ka roƙe shi, ka yi masa kuka idan ta kama. Ni ya daina kallon idona.

Taka,
Likitar gida

*

Yayana,

Barka da war haka, ina fatan kowa lafiya. Na gode da ka kira, na san ka yi iya ƙoƙarinka. An ba wani gurbin. Mun dawo da Baba gida, mun sa masa gado a falo kusa da taga, inda yake hango shagon ɗinkinsa.

Ba zan ɓoye maka ba, ya koma cin abinci kaɗan-kaɗan. Ya sa an kira masu kayan da ke shago ya sallame su ɗaya bayan ɗaya, ya ba tsohon abokin aikinsa keken. Auta yana kallona kamar in ce masa ya kyauta. Ba zan ce ba. Kullum ina ganin yadda wuyan rigar Baba ke ƙara yi masa yawa, kuma na san abin da wuƙar malamina za ta iya yi da an bar ta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na yau da safe. Ciwon ya taso masa sosai, maganin sha ya ƙi zama, sai an sa ta jijiya. Baba ya ce Auta ya yi masa. Na koma gefe na naɗe hannu. Yaron nan ya ɗaure damtsen, ya laluba, ya soka, babu. Ya koma ɗaya hannun, babu. Zufa ta jiƙa masa riga, Baba yana cije leɓe don kada ya karya masa gwiwa. A karo na uku na kasa daurewa, na ture shi na karɓa. Jijiyar ta shige ciki saboda rama, amma yatsana ya same ta, sau ɗaya na shiga.

Na ɗauko sirinjin zan tura maganin, sai Baba ya dafe mini hannu. Ya juya ya kalli Auta, ya tambaye shi mene ne a ciki, kuma me zai yi masa. Sai da Auta ya karanta kwalbar ya yi masa bayani, sannan Baba ya sake ni.

Yaya, ni na ɗauko maganin, ni na auna, hannuna ne a jikinsa. Na tura masa a hankali yadda ba zai ji zafi ba, na manna auduga, na gyara masa matashi, ya yi barci. Daga nan na shiga kicin na rufo ƙofa don kada Auta ya ji ni.

Ka zo da wuri, ka taho da yara. Yana tambayarsu.

Ƙanwarka,
Likitar gida