Ƙwayoyinsa Suna Cikin Samirata

Inna Mairama, don Allah ki taimake ni. Kwana biyar ke nan ina riƙe da maganar da ta fi ƙarfina.

Maigidana direba ne, Zurmi zuwa Ƙaura yake lodi, wani lokaci har Shinkafi. Shekarunsa hamsin da takwas. Shekara shida yana fama da ciwon suga, ga hawan jini, kuma daga ni sai mai kemis ɗinsa a Ƙaura muka sani. Sai da ya sa na dafa Alƙur'ani cewa ba zan faɗa wa kowa ba, don a tasharsu an taɓa raba wani direba da mota da aka ji suga na sa shi jiri. Ƙwayoyinsa a samirar jerena nake ɓoye su. Tuwon alkamar da nake tuƙa masa ma cewa nake ni ke marmari, har facalata tana yi mani ba'a wai na zama matar gwamna.

Makon jiya zazzaɓi da tari suka kama shi, muka ce masassarar damina ce. Ya yi taurin kai kwana huɗu. Da ya yarda a kai shi asibiti kuma, 'yan bindiga suka tare hanya kwana biyu. Kafin a isa Ƙaura ko Fatiha ba ya iya kaiwa ƙarshe sai ya tsaya neman numfashi. Aka ce korona ce, aka wuce da shi Gusau.

Wansa, Yaya Magaji, shi ya bi shi, don a gidansu mace ba ta jinyar namiji in akwai 'yan'uwa maza. Ni kuwa tsakanina da Yaya gaisuwa ce daga durƙushe. Ina bayan ƙyaure na ji ya kira uwarsu a waya yana gaya mata, har da alfahari, cewa likitoci sun tambaye shi ko ƙanensa na da wani ciwo, ya ce masu ai ƙarfe ne, ko allura ba a taɓa yi masa ba.

Shekaranjiya wani likita ya faɗa a rediyo cewa waɗanda cutar nan ta fi kashewa a asibiti su ne masu shekaru, da masu suga, da masu hawan jini, da waɗanda aka kai a makare. Na lissafa da yatsuna, duk huɗun nasa ne. Jiya kuma Yaya ya ce maigidana yana ta neman ruwa, yana sambatu, sun aika masa da lemon kwalba don ya samu ƙarfi. Ni kuwa na san lemon nan guba ne ga mai suga.

Ina tsoron rantsuwa. Ina tsoron ya warke ya tarar na tona shi, ya rasa motarsa. Ina kuma tsoron abin da ba na son bakina ya faɗa. Ya zan yi?

Mai Riƙon Amana, daga Zurmi

Ɗiyata, na riga na tura maki amsar nan ta waya, don maganarki ba ta jiran ranar fitowar jarida. Na buga ta ne saboda masu irin samirarki, kuma suna da yawa.

Ban ga laifin mijinki ba, abincin gidansa yake karewa. Ke ma kin riƙe amana. Amma ya ɓoye wa tasha ne, ba likita ba, kuma yau ba ya cikin hayyacin da zai warware maki rantsuwar.

Mai yiwuwa likitocin sun auna jininsa sun gani. Kada ki dogara da wannan. Suna buƙatar sanin tun yaushe, da irin maganin da yake sha, da ranar da ya daina, balle wasu magungunan korona suna ƙara tayar da suga. Ƙishirwa da sambatun nan ba su kwanta mani ba.

Ki ajiye kunya ki kira Magaji yanzu. Ki ce ya dakatar da lemon, ya haɗa ki da likita. Ki ɗauki hoton kwalayen ƙwayoyin ki tura. Kada a ba shi su sai likita ya ce, kuma kada ki hau hanyar nan in ba lafiya. Ki roƙi Magaji maganar ta tsaya tsakaninku.

Rantsuwa kuwa tana da kaffara: ciyar da miskinai goma, in babu hali azumi uku. Ki tambayi malamin unguwarku. Rai ne ba a ramawa.

Mijinki zai yi fushi, na sani. To, mai rai ne ke fushi. Allah Ya tashi kafaɗunsa, Ya dawo maki da shi Zurmi ya yi maki faɗa son ransa.

Inna Mairama