Umma Ta Daina Shan Ruwa a Wurin Aiki, Ni Kuma 'Yar Fari Ce

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Ku kuma masu karatu, don Allah shawararku nake nema a kan mahaifiyata.

Abin da na fara gani ranar da na kai wa Umma abinci kamfaninsu a Sharaɗa shi ne gorar ruwanta. Cike take kamar yadda na cika mata da safe, ga azahar ta yi, ana zafin bazara, na sauran matan duk sun kusa ƙarewa. Aikinsu tsintar zoɓo ne, su cire datti, su zuba a buhu, su ja shi zuwa sikeli. Ƙurar zoɓon tana sa atishawa, kowa yana yin tasa hankali kwance, amma Umma idan tata ta taso sai ta matse ƙafafu ta dafe buhu. Zani biyu ta ɗaura. Wata abokiyar aikinta ta yi barkwanci aka fashe da dariya, ita ta cije leɓe.

Ina aji biyar a sakandare, ba ni da surutu, amma ina da ido. Na lura tana dawowa take wanke zaninta da kanta, ba ta bari in taɓa, kuma azahar da la'asar sai a gida take rama su. Nan na gane fitsari ke zubo mata idan ta yi tari, ko dariya, ko ta ja kaya mai nauyi, shi ya sa take wuni ba ta kurɓi ruwa ba. Satin da ya wuce jiri ya kayar da ita a bakin sikeli, ogansu ya ce in ta sake faɗuwa ta zauna a gida.

Akwai nas da ke zuwa makarantarmu duba ɗalibai. Na tsaya sai da kowa ya fita, na yi mata bayanin matsalar, na ce mata ta maƙwabciyarmu ce. Ta ce wannan ba yoyon fitsari ba ne, shi wancan ba ya tsayawa ko mace tana kwance. Wannan naman da ke riƙe mafitsara ne ya saki, yawanci saboda haihuwa, ga ɗaukar nauyi da tari suna ƙara shi. Ta ce ana koya wa mace matse wurin kamar mai riƙe tusa, ta saki, ta sake, kullum har wasu watanni, da yawa suna samun sauƙi, in bai yi ba akwai abin da likita zai yi. Amma sai an duba ta tukuna, kuma ƙin shan ruwa wata cutar zai jawo.

Matsalar ita ce ni 'yar fari ce. Umma ba ta kama sunana, "ke" take ce min, ko ta aiko ƙanwata ta ce "faɗa wa waccan". Ba ƙi ba ne, alkunya ce, haka na taso. Don haka na tafi Ɗorayi wurin Goggo, yayar Baba, don ita ta yi mata magana. Ashe ta sani tuntuni, ita ke kawo mata jiƙe-jiƙen maganin sanyi. Ta ce wace mace ce ta haifi bakwai ba ta ɗiga, kuma in aka ga Umma a layin asibiti za a ce yoyon fitsari take, har kunun da ta dama sai an ƙyamace shi. Da na kawo maganar nas sai ta ce, "Sannu likita! Ke da ko sunanki ba ta kamawa, ke ce za ki leƙa mata zani? Bokon ke nan?"

Ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Mutanen da Goggo ke tsoron bakinsu, waye a cikinsu ya ɗaga Umma da ta faɗi? In rashin kunya ce a ce uwata ta sha ruwa ta yi sallarta a kan lokaci, to a kira ni marar kunya.

Shawarar da nake so ita ce, in faɗa wa Baba, alhali na san ranar da ta ji ya sani daga bakina ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba? Ko in kawo nas ɗin gida kamar ta zo gaisuwa? Wanda zai ce in yi shiru ya riƙe shawararsa, don na riga na yi magana.

Jiya tana tankaɗe na durƙusa a bayanta, inda ba sai ta kalle ni ba. Na ce, "Umma, na san abin da ke damun ku, kuma yana da magani. Ku zage ni, ku haɗa ni da Goggo, duk na ɗauka. Amma ranar Litinin ku bari in raka ku asibiti. Ba sai kun buɗe baki ba, ni zan yi wa likita bayani."